Ruwa Ya Riga Ya Ci wa Yauri Rabin Tarihi, Kada Katafila Ta Cinye Sauran

Kwanakin baya wani marubuci ya fito da shawara a kan tsoffin gine-ginen hukuma da suka rage a ƙasar Yauri tun zamanin En'e. A ganinsa a turo katafila ta share su gaba ɗaya, na Yelwa da na garuruwan hakimai a Ngaski da Shanga, a ɗora sakatariya mai hawa-hawa da gilasai a gurbinsu. Ya ce tarihin da ke jikin waɗannan gine-gine na haraji ne da jangali da bulala, don haka ba abin tattali ba ne. Ya ce tsohon gini tarko ne, ya kafa hujja da masallacin Zariya da ya rufta. Ya ce kuɗin da za a zuba a gyaran tsoho sun isa a yi sabo fil. A ƙarshe ya zargi masu kare tsoffin gine-gine da cewa 'yan birni ne waɗanda ba su taɓa wuni a ofis mai yoyo ba.

Maganar yoyo gaskiya ce, kuma malamin ya cancanci godiya da ya tayar da ita. Duk wanda ya san ofisoshin ƙananan hukumomi a Arewa ya san akawun da ke jera bokitai a ƙarƙashin silin a watan Agusta, ya san fayil-fayil da gara ta mayar gari, ya san warin kashin jemage da ke tarar mutum tun daga baranda. Ba mai hankalin da zai ce a bar ma'aikaci cikin wannan hali da sunan kishin tarihi. Inda aka rabu da malamin shi ne wajen magani.

Da a wata ƙasa ya ba da wannan shawara, da sai a ce bai ga abin da rusau ke jawowa ba. Amma a Yauri ya ba da ita, ƙasar da ta ga irin wannan lissafi da idonta. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita sama da 130. Mutum fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu a ƙasashen Yauri da Borgu. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yau. Gungawa da suka shekara aru-aru a tsibirai suna noman albasa da gero, da Sarkawa masunta, da Kambari da Lopawa na bakin kogi, duk sun bar kufai da makabartu da wuraren al'ada, ruwa ya rufe. Masu binciken kayan tarihi sun yi rige-rige da ruwan kafin ya iso, suka haƙa abin da suka iya haƙawa, har suka tono gumakan yumɓu a kusa da Yelwa waɗanda suka haura shekara dubu. Abin da hannunsu bai kai gare shi ba ya tafi ke nan.

Gwamnati ba ta bar mutanen a fili ba. Ta gina musu sababbin ƙauyuka bisa zanen wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson: bangon bulo na siminti da yashi, rufin asbesto mai lanƙwasa, gidaje a jere. A takarda abin ya yi kyau, kuma gidajen sun yi ƙarko, ba a musu. To amma mai shiga waɗannan ƙauyuka ya dubi abin da ke kewaye da gidan gwamnati. Zai ga ɗakin ƙasa da aka ɗora a gefe, da rumbu, da danga, da rumfar kara inda ake shan iska da rana. Mutanen sun koka da zafin ɗakunan a bazara da sanyinsu a hunturu, kuma tsarin bai bar wa gida wurin faɗaɗa ba idan ɗa ya yi aure. Sai suka koma ga ginin da suka iya, suka cike giɓin da kansu. Wannan shi ne gwajin da aka riga aka yi wa ra'ayin malamin a ƙasar Yauri: a kawar da abin da ya dace da wuri, a kawo sabo daga ofishin da ke nesa. Waɗanda aka yi wa gwajin suna nan da ransu, a Wara da sauran garuruwan bakin tafki, ana iya tambayarsu.

Saboda haka abin da ya tsira a kan tudu yana da wani nauyi na daban a nan. Ragowar ganuwar Birnin Yauri, birnin da Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a 1830 suna neman takardun Park, da garin Yelwa da sarauta ta koma a 1888, da gine-ginen mulki da suka biyo baya, su ne kaɗan ɗin da yaro ɗan Yauri zai iya taɓawa da hannu ya ce nan aka yi kaza.

Sai batun haraji da bulala. Ba wanda ya ce zamanin En'e aljanna ne. An karɓi haraji da tsanani, an ƙirga shanu an karɓi jangali, an yi aikin dole, dogarai da 'yan doka sun yi abin da suka yi. Amma malamin ya tsallake tambaya guda: da kuɗin wa aka yi ginin, kuma wa ya ɗauki ƙasa da dutse a ka? Baitulmalin En'e daga aljihun talaka yake cika. Manomin albasa da masunci da makiyayi su suka biya, 'ya'yansu suka yi leburanci, maginan garin suka ɗora tubali. Ginin nasu ne tun ranar da aka aza harsashinsa, ko da wanda ya zauna a ciki ya zalunce su. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rufe babinta, gine-ginen suka koma hannun jama'a. Rushe su yanzu ba zai rama wa kowa bulalar da aka yi wa kakansa ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya share wurin da za a nuna wa jikan a ce ga inda aka yi ta.

Gana ba ta rushe kurkukun bayi na Elmina ba, alhali abin da aka aikata a cikinsa ya fi ƙarfin kwatance. Tana kula da shi, duniya na zuwa tana gani tana kuka. A Kaduna, zauren Lugard Hall da majalisar Jihar Arewa ta zauna a ciki har yau majalisar dokoki ke amfani da shi. Ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana tsaye ya zama gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya fara makarantar boko a 1909, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Duk na zamanin Turawa ne, kuma ba wanda ya zama bawan Bature don ya bar su a tsaye.

Ba ma sai an fita Jihar Kebbi ba. Tsohuwar fadar Argungu, ginin ƙarni na 19, ita ce mazaunin Sarkin Kabi har 1942 da aka koma sabuwar fada. Da ra'ayin malamin aka bi a lokacin, da an baje ta tunda an sami sabuwa. Sai aka bar ta, a 1958 aka buɗe ta a matsayin Gidan Tarihin Kanta. Yau baƙon da ya je bikin kamun kifi yana da inda zai shiga ya ga makamai da tambura da kayan sarautar Kabi. Baƙon da ya zo bikin Rigata a Yauri, idan an gama tseren jirage an watse daga bakin ruwa, ina za a kai shi ya ga tarihin masarautar da ta tara Gungawa da Shangawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa a inuwa ɗaya?

Hujjar malamin mafi nauyi ita ce ta Zariya, domin rayuka ne suka salwanta. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Allah ya jiƙansu. Amma akwai abin da Sarkin Zazzau ya faɗa a ranar wanda malamin bai kawo ba: an ga tsaga a jikin bango tun kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kawo injiniyoyi. Gini ya yi gargaɗi ke nan. Darasin da ke ciki shi ne a riƙa duba gini a kan kari, kuma da an ga tsaga a fitar da mutane a kulle ƙofa har sai gwani ya duba. Idan tsufa ne laifin, me za a ce da benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamba 2021 tun ba a gama shi ba, ya kashe mutum sama da 40? Me za a ce da makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Jos a Yulin 2024? Waɗannan na siminti da rodi ne, ginin zamani. Ginin da ya tsaya kusan shekara 190 ya riga ya ba da shaidar ingancinsa. Sakatariyar da ɗan kwangila zai yi da bulon da ke marmashewa a hannu ba ta ba da kowace shaida ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa ƙarara, ko da zai ɓata wa masu son gyara rai: yawancin abin da ake kira gyara a ƙasar nan shi ke kashe tsohon gini. Ana zuwa a sami bangon ƙasa mai kauri, a watsa masa filastar siminti, a shafa fenti mai sheƙi, a ɗauki hoto a yanke kintinkiri. Bangon ƙasa kuwa numfashi yake yi. Yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya miƙewa ya tsuke tare da ƙasa, don haka bayan damina biyu ko uku sai ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, a ciki ya jiƙe ya zama taɓo, gara ta samu hanya har kan azara. Wanda ya ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa zai ji yana amsawa fanko. Ranar da filastar ta ɓalle, da rabin bangon take faɗowa, sai a ce ai ginin ƙasa ne, dama ba shi da ƙarko.

An ga wannan a babban masallacin Mopti a ƙasar Mali, wanda shi ma a bakin ruwa yake kamar Yelwa. A 1978 aka lulluɓe samansa da siminti don a huta da yaɓe, ginin ya shiga lalacewa ta ciki. Tsakanin 2004 da 2006 gidauniyar Aga Khan ta yi aiki tare da maginan garin, aka kankare simintin, aka sake yaɓe da ƙasa, aka canza itacen rufin da ya ruɓe, aka sa sabuwar wayar lantarki da lasifika. Masallacin ya samu kayan zamani, kamanninsa ba su canza ba. A Djenne kuwa, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari na fitowa a yi masa yaɓe a rana guda.

Maginan ƙasar Hausa ba su rasa nasu ilimin ba. Sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a kwaɓa da ƙasa ta hana ruwa shiga. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima da ruwan dafara, a shafe rufin soro da shi ya yi shekaru. Sun san yadda ake jera azara a ɗaure guga, da inda ake sa indararo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Matsalar ita ce masu wannan sani suna tsufa, 'ya'yansu sun koma buga bulo domin nan ne kuɗi yake. Aikin gyaran gine-ginen hukuma shi ne makarantar da ta rage musu. Idan gwamnati ta ba Sarkin Magina da mutanensa aiki tare da injiniya, yara za su koya a bakin aiki. Idan ta turo katafila, sana'ar ta bi ginin.

Ba kuma duk ginin En'e ne na ƙasa zalla ba. Da yawa na dutse ne ko jan bulo, da rufin kwano mai tsayi da baranda a kewaye. Duk wanda ya shiga irin wannan ofis da tsakar ranar Afrilu a Yelwa, lokacin da kwalta ke narkewa a waje, ya san bambancin. Baranda ta tare rana kafin ta taɓa bango, tagogi suna kallon juna iska na ratsawa, silin yana can sama zafi na taruwa a inda ba kowa. An yi su ne a lokacin da babu lantarki, don haka dole suka iya zama ba tare da shi ba.

Nan ne lissafin kuɗin malamin ya karkace. Ya ƙirga kuɗin gini, bai ƙirga kuɗin zama a ciki ba. Bene mai gilasai a wannan yanki ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta. Kainji na iya samar da megawat 760, amma mutanen da aka tayar dominta sun fi kowa sanin duhu, kuma wannan abin takaici ne da ya kamata a ci gaba da faɗa. Sakatariyar malamin za ta dogara ne da janareta da man dizal daga kason ƙaramar hukumar da ke fama da albashi. Ranar da mai ya yanke, ma'aikata za su kwaso kujeru su koma gindin bishiya. Bai ƙirga kuɗin rusau da kwashe ɓaraguzai ba, bai ƙirga hayar ofisoshin wucin gadi ba, bai tuna cewa a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da yawa ba. Bai kuma tuna da gine-ginen gwamnati da aka fara aka watsar a matakin linta ba, waɗanda ba jihar da ba ta da su. Idan aka rushe tsoho sabo ya tsaya a rabi, an yi biyu babu.

Kuɗin gyara kuwa kaso mai yawa a gari yake zama: magini, kafinta, maƙeri, mai kawo ƙasa, mai sayar da abinci a bakin aiki.

Zamanantarwar da malamin ke so ba ta gagari tsohon gini ba, in an bi ta a hankali. Rufi ake fara kamawa, domin ta sama ruwa ke kashe gini, sannan a gyara magudana a ɗaga dakali a gindin bango, musamman a yankin da damina ke da ƙarfi kuma ambaliya ba baƙuwa ba ce, kamar yadda aka gani a Kebbi a 2020. Wayar lantarki da ta intanet a bi da su ta cikin bututu a kan bango, kada a sassaƙe bangon a binne su. Faifan sola ba dole sai a kan tsohon rufi ba, a yi masa rumfa a fili ta zama inuwar motoci da babura. Banɗaki da famfo su koma sabon ɗan gini a baya, nesa da tsohon bango. A yi gangara a ƙofa saboda masu keken guragu da tsofaffi. Inda aka tarar da silin na asbesto a cire shi da kariya, domin ƙurarsa na cutar da huhu. Azara ta yi wuya yanzu, giginya kuma tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, don haka inda ido ba ya gani ba laifi a sa ƙarfe ko katako mai magani, a bar azarar da ta rage lafiya a inda take. Abin da ba a taɓawa shi ne fuskar ginin: kaurin bango, baranda, tsayin tagogi, ƙofofi, da duk wani rubutu ko shekara da aka zana a jikinsa.

Kuma kada a gyara a kulle. Ginin da ba a shiga ya fi saurin mutuwa, domin ba mai ganin ɗigon farko. Ɗaya ya ci gaba da zama ofis, wani ya zama ɗakin karatu, wani wurin sulhu, wani ma'ajiyar takardu. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta The Hausa Factor in West African History, da tarihin Yauri ya fara bincikensa. Ɗalibin da ke son bin sawunsa yau sai ya nufi ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗaki biyu masu rufi mai kyau a Yelwa, da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takardu, sun isa a fara tara kwafin waɗannan takardu a gida, tare da muryoyin dattawan da suka ga tashin 1968 tun suna da rai.

Doka kaɗai ba za ta yi wannan aiki ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da dokarta tun 1979, amma hakan bai hana a rushe Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi ba, bai kuma hana a baje Ilojo Bar a Legas a 2016 ba, alhali yana cikin jerin gine-ginen da ƙasa ta ce ta kare. Abin da zai yi tasiri shi ne majalisar masarautar Yauri da ƙananan hukumomin nan uku, Yauri da Ngaski da Shanga, su zauna su rubuta sunan kowane tsohon ginin hukuma, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a san wanda ke da alhakinsa, a sa masa ɗan kaso a kasafin kowace shekara na duba rufi da yaɓe kafin ruwa ya sauka. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin yankunan da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na cikin jihohinta, kuma ba inda ya fi cancantar ta taimaka kamar wurin da Kainji ta ci wa tarihi. Wanda binciken injiniya da magina ya nuna ba ya tasuwa, a auna shi a ɗauki hotonsa a sauke shi, ba wanda zai yi gardama.

Idan kuma ma'aikata sun yi wa tsoffin ofisoshin yawa, wanda hakan na iya zama gaskiya, malamin ya samu sakatariyarsa. Ƙasar Yauri ba Legas ba ce da za a ce fili ya ƙare. Akwai sarari a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Koko da Jega, inda za a samu wurin ajiye motoci da wurin faɗaɗawa nan gaba, abin da tsakiyar tsohon gari ba zai taɓa bayarwa ba. A gina ta can, a yi mata baranda, a juya tagoginta daga yamma.